Yadda Ingila ta shiga faɗan 'yan uba a Kastil ta fito da bashi

Ranar Asabar, 3 ga Afrilu 1367, a wani fili kusa da garin Nahera, a arewacin ƙasar da yau muke kira Sifaniya, rundunar Yarima Edward, babban ɗan Sarkin Ingila, ta yi wa mayaƙan masarautar Kastil kaca-kaca. An kame manyan sarakunan yaƙinsu, Enrike, ɗan uban Sarki Pedro wanda ya ƙwace sarautar, ya gudu bai ko waiga ba, aka mayar da Sarki Pedro kan gadon ubansa. Duk wanda ya tsaya a filin nan da yammacin ranar zai rantse Ingila ta gama samun abin da ta je nema. Shekara biyu ba ta cika ba aka soke Pedro ya mutu a cikin wani tanti. Bayan shekara biyar da 'yan watanni, jiragen ruwan Kastil ɗin da aka yi yaƙin dominsu suka ƙone na Ingila ƙurmus. Shi kuwa yariman da ciwo ya dawo, ciwon da bai rabu da shi ba har ya mutu, ƙasar da yake mulki a kudancin Faransa kuma ta zame daga hannunsa gari bayan gari. Wajen biyan kuɗi aka kayar da Ingila a wannan karon, kuma zaren da nake so mu bi ke nan.

Tushen rikicin 'yan'ubanci ne, irin wanda ba sai an yi wa Bahaushe dogon bayani ba. Sarki Alfonso na Goma sha Ɗaya yana da matar aure, Mariya, 'yar Sarkin Fotugal, wadda ta haifa masa Pedro. Amma zuciyarsa da zamansa suna wajen wata mace dabam, Leonor de Guzman, wadda ta haifa masa 'ya'ya goma. Ya ba su ƙasa, ya ba su muƙamai, uwargida da ɗanta suna gefe suna kallo. Kada mai karatu ya ɗauki Leonor kamar ƙwarƙwara a gidajen sarautarmu, wadda ɗanta yake da cikakken haƙƙi a gado da sarauta. A dokar coci mace ɗaya ce tal matar aure, duk ɗan da aka samu a waje ɗan gaba da Fatiha ne, ba shi da rabo a karagar mulki. Annoba ta kashe Alfonso a 1350 yana tsaka da yi wa Jibralta ƙawanya, Pedro ya hau yana ɗan shekara 15. A shekarar da ta biyo aka kashe Leonor a Talabera. A 1358 Pedro ya sa aka kashe Fadrike, abokin tagwaicin Enrike, babba cikin 'ya'yan Leonor maza da suka rage a raye, a cikin fadar Ishbiliya. Daga nan jini ya shiga tsakani, zancen sulhu ya ƙare.

Tarihi ya laƙaba wa Pedro sunan Azzalumi, kuma ba a banza ba. Ya auri Blanche ta gidan Bourbon a 1353, ya bar ta bayan kwana biyu ko uku da ɗaurin aure, ya koma wajen masoyiyarsa Mariya de Padilla. Blanche ta mutu a tsare a 1361, kuma 'yar'uwarta ce matar wanda ya zama Sarkin Faransa, Charles na Biyar. Sai dai a riƙa tunawa cewa mutumin da ya fi kowa rubuta labarin mulkinsa, Pero Lopez de Ayala, ya bar shi ya koma ɓangaren Enrike, kuma a ƙarƙashin waɗanda suka yi nasara ya yi rubutunsa. Akwai mutanen birane da suka riƙa kiran Pedro Mai Adalci, don ya taka wuyan manyan hakimai. Abin da maƙiyansa suka fi yayatawa shi ne wai abokin Musulmi ne da Yahudawa. Gaskiya ne ya taimaki Muhammad na Biyar ya koma gadon Garnaɗa, masarautar Musulmi da ke kudu da Kastil, a 1362, kuma magina daga Garnaɗa da Toledo suka yi aikin fadarsa ta Ishbiliya, wadda har yau take tsaye da rubutun Larabci a bangonta. A fadarsa ne ya karɓi Ibn Khaldun a matsayin jakadan Garnaɗa, har ya yi masa tayin mayar masa da dukiyar kakanninsa ta Ishbiliya in zai zauna, malamin ya ƙi.

To me ya kai Ingila cikin wannan? Ruwa ba ya tsami banza. A 1360 yarjejeniyar Bretinyi ta tsayar da yaƙin Ingila da Faransa, ta bar wa Sarkin Ingila Edward na Uku yankin Akwiten, wajen kashi ɗaya cikin uku na Faransa, wanda ya haɗa da Gaskoni da birnin Bordo. A 1362 ya damƙa yankin a hannun ɗansa, Yarima Edward, wanda aka riƙa kira Baƙin Yarima bayan mutuwarsa da daɗewa. Tsakanin Bordo da Ingila babu hanya sai ta teku, kuma tekun nan tana bi ta gaban gaɓar Kastil. Kastil tana da jiragen yaƙi na tuƙi da filafilai, da ƙwararrun matuƙa, wasunsu 'yan Jenowa, waɗanda ba sa jiran iska kafin su kai hari. Ingilishi sun ɗanɗana haɗuwa da jiragen Kastil a Winchelsea a 1350. Duk wanda ya samu jiragen nan a ɓangarensa, shi yake riƙe da maƙogwaron Gaskoni. Shi ya sa tun 1348 Edward na Uku ya tura 'yarsa Joan ta auri Pedro, annoba ta kashe ta a hanya kusa da Bordo. Shi ya sa kuma aka ƙulla ƙawance da Pedro a 1362.

Charles na Biyar ya san wannan lissafin sarai, ga shi kuma yana da wata masifa a gida. Da aka daina yaƙi, dubban sojojin haya suka rasa mai biyansu, suka zama 'yan fashi a ƙungiya-ƙungiya, suna kame garuruwa suna karɓar kuɗin fansa. Har rundunar sarki suka kayar a Brinye a 1362. Sai Charles da Fafaroma Urban na Biyar da Sarkin Aragon suka haɗa kuɗi, suka ɗora wa Bertrand du Guesclin, wani gogaggen mayaƙi ɗan Biritani ta Faransa, aikin kwashe su ya ƙetare duwatsu da su a ƙarshen 1365. Abin da aka faɗa wa duniya shi ne za a je yaƙar Musulmin Garnaɗa. Abin da aka je yi shi ne naɗa Enrike. Cikinsu har da shugabannin mayaƙa Ingilishi irin su Hugh Calveley. Hakimai suka yi ta watsewa daga bayan Pedro, aka naɗa Enrike a Burgos a farkon 1366. Pedro ya gudu Toledo, ya gudu Ishbiliya, ya nufi Fotugal kawunsa ya ƙi ba shi mafaka, ya ratsa zuwa Galisiya, ya shiga jirgi da 'ya'yansa mata ya sauka a Bayon, ƙasar yarima.

Ranar 23 ga Satumba 1366 aka sa hannu a yarjejeniyar Liburn, kuma a nan ya kamata mu zauna, don duk abin da ya faru daga baya yana kwance cikin takardar nan. Pedro ya yi alkawarin biyan duk kuɗin yaƙin, fulorin na zinariya 550,000 tun daga farko na albashin wata shida. Ya yi wa yarima alkawarin ƙasar Biskaya da tashar jiragen Kastro Urdiyales. Ya yi wa Charles, Sarkin Nabara, wanda mashigin duwatsu yake hannunsa, alkawarin Gipuskowa da Alaba da fulorin 200,000. John Chandos, na hannun daman yarima, aka ce garin Soriya nasa ne. Pedro ya bar 'ya'yansa mata a Gaskoni a matsayin jingina. Wanda ya yi duk waɗannan alkawura ba shi da ƙasa ko taƙi, dukiyar da ya yi ƙoƙarin fitarwa ta ruwa ma an tare ta a hanya. Da kura na maganin zawo ai da ta yi wa kanta. Don haka yarima ne ya fara biya daga aljihunsa, ya ci bashi, har kwanukan azurfa na gidansa ya sa aka narkar aka buga kuɗi.

Ni a ganina ba wauta ce ta sa ya yarda ba. Barin Enrike a kan gado yana nufin jiragen Kastil sun koma hannun Faransa, kuma da yawa daga sojojin hayan da ke yawo mutanen Gaskoni ne, in ba a samar musu aiki ba a ƙasarsa za su yi ɓarna. Kuskuren yana wani wuri. An yi wa rogo kallon kitse: an ɗauka da zarar Pedro ya zauna, taskar Kastil za ta buɗe. Ba wanda ya tsaya ya tambayi yadda sarkin da mutanensa suka watse suka bar shi cikin 'yan makonni zai iya tatsar miliyoyi daga hannun waɗannan mutane, ya miƙa wa baƙin da suka tattake musu gonaki.

An haifa wa yarima ɗa a Bordo ranar 6 ga Janairu 1367, wanda ya zama Richard na Biyu. 'Yan kwanaki bayan haka ya fita. A tsakiyar Fabrairu runduna ta bi mashigin Ronsesbayes cikin sanyi da dusar ƙanƙara. Calveley da mutanensa, waɗanda bara suka ɗora Enrike, suka amsa kiran ubangidansu suka dawo don su sauke shi. Sarkin Nabara kuwa baki biyu gare shi. Ya karɓi alkawari daga wannan, ya karɓa daga wancan, da ranar fama ta matso sai ya shirya da wani ɗan'uwan du Guesclin a "kama" shi a tsare, don kada a gan shi a kowane ɓangare. Kusa da Bitoriya yunwa da ruwan sama suka addabi rundunar. Tello, ƙanen Enrike, ya kai musu farmaki, ya ritsa wata ƙaramar ƙungiya a kan wani tudu a Arinyes. Suka sauka daga dawakai suka tsaya, suka yi ta kare kansu har aka fi ƙarfinsu, William Felton ya mutu a wurin. Har yau mutanen Bask suna kiran tudun Inglesmendi, wato tudun Ingilishi.

Wannan salon, na sari-ka-noƙe da barin yunwa ta yi aikinta, shi ne shawarar da Sarkin Faransa ya aiko wa Enrike, kuma shi du Guesclin ya nanata masa. Sun san abin da ya faru a Kiresi da Fuwatiye, inda Ingilishi suka ragargaza rundunar Faransa a fili. Enrike ya ƙi, kuma yana da hujja: shi ma sabon sarki ne, garuruwa sun fara komawa wajen Pedro, in aka ga yana ja da baya kowa zai watse. Ya haye kogin Naheriya ya jera mutanensa, kogin yana bayansu. Yarima ya taso daga Nabarete kafin gari ya waye, ya zagaya bayan wani tudu, ya ɓullo musu ta gefen da ba su zata ba. Ƙanensa John na Gaunt da Chandos suka ja gaba, suka yi karo da mutanen du Guesclin, kowa a ƙasa cikin sulke. A gefe kuwa, barade masu saurin kai hari da ake kira hinete, sunan da ya samo asali daga Zanata, ƙabilar Barbar ta Arewacin Afirka, suka haɗu da ruwan kibau daga dogon bakan Ingilishi. Dawakansu ba lifidi. Tello ya juya da mutanensa ya bar fili, aka zagaye tsakiyar rundunar, saura suka ruga kogi, da yawa ruwa ya ci su. An ruwaito cewa da yarima ya tambaya ko an kashe Enrike ko an kama shi, aka ce masa a'a, sai ya ce to ba a yi komai ba.

Tun a filin aka fara saɓani. Pedro yana son a ba shi fursunoni ya kashe, don a wurinsa maciya amana ne. Har ya kashe wani da hannunsa, Inyigo Lopez de Orozco, bayan mutumin ya riga ya miƙa wuya ga wani jarumin Gaskoni. Ga sojojin yarima kuwa kowane babban fursuna jakar kuɗi ce mai tafiya da ƙafa, kashe shi daidai yake da ƙona albashinsu. Yarima ya hana. Waɗanda aka saki bayan sun biya fansa su ne suka koma suka sake haɗa wa Enrike runduna. Du Guesclin kansa an yanka masa tsabar zinariya 100,000, Sarkin Faransa ya taimaka aka biya, ya fita.

Akwai wata shari'a da aka yi a lokacin wadda ta fi komai bayyana matsayin Ingila a yaƙin. Cikin waɗanda aka kama akwai tsoho Arnoul d'Audrehem, ɗaya daga manyan sarakunan yaƙin Faransa. An taɓa kama shi a Fuwatiye a 1356, aka sake shi bisa rantsuwar ba zai ɗauki makami a kan Sarkin Ingila ko yarima ba sai ya gama biyan fansarsa, kuma bai gama ba. Yarima ya kira shi maƙaryaci mai saɓa rantsuwa, laifin da hukuncinsa zai iya zama kisa. Aka zaɓi jarumai 12 su yanke hukunci. Tsohon ya ce shi bai yaƙi yarima ba, Pedro ya yaƙa, domin yaƙin na Pedro ne, yarima kuwa ɗan haya ne da aka ɗauka a kan albashi. Jaruman nan, mutanen yarima ne, suka ce ya yi gaskiya, aka wanke shi. Magajin gadon Ingila, wanda ya taɓa kama Sarkin Faransa a fagen fama, dokar mayaƙa ta tabbatar masa cewa a Kastil ma'aikaci ne mai jiran a biya shi.

A Burgos aka zauna lissafi, bashin ya kai fulorin wajen miliyan 2.7. Pedro ya rantse a babbar majami'ar garin zai biya, ya ce zai tafi kudu ya tara. A nan tarkon ya rufe. In ya matsa wa garuruwa su biya baƙi, ya tabbatar da duk abin da Enrike yake faɗa a kansa, a sake korarsa. In bai biya ba, ya rasa takobin da ya ɗora shi. Mutanen Biskaya suka ce su ba kaya ba ne da za a bayar kyauta, ba sa karɓar ubangidan da ba su yarda da shi ba. Soriya ma Chandos bai shige ta ba. Masu tarihi suna jayayya ko Pedro ya ƙi biya ne ko kasawa ya yi. Ni na fi karkata ga cewa duka biyun ne, kuma da ma ko mutumin kirki ne a matsayinsa, hanyar biyan ba ta nan.

Runduna ta yi zaman jira a wajen Bayadolid cikin zafin bazara, ba abinci isasshe, ba ruwa mai kyau. Atini ya shiga sansani ya yi ta ɗiba. Sojoji suka bazu ƙauyuka suna ƙwace, kowace rana tana ƙara wa Pedro maƙiya. A ƙarshen damina ta wannan shekara yarima ya haɗa kayansa ya koma Bordo, jikinsa ya fara kumbura, bai ƙara samun cikakkiyar lafiya ba. Cikin ɗan abin da ya karɓo akwai duwatsu masu daraja. Ana cewa jan dutsen nan da ke gaban kambun sarautar Birtaniya, wanda Sarki Charles na Uku ya sa ranar bikin naɗinsa a 2023, yana cikinsu, kuma Pedro ya samo shi ne daga Muhammad na Shida na Garnaɗa, wanda ya zo Ishbiliya neman amana a 1362 ya kashe shi.

Yanzu sojoji sun dawo Akwiten da takardun bashi a hannu. A Janairu 1368 majalisar ƙasar ta zauna a Angulem ta amince da harajin murhu: sou 10, kuɗin wancan zamani, a kan kowane gida mai hura wuta, kowace shekara har shekara biyar. Wannan wurin ne ya fi tsaya mini a rai. Manomin inabi a Ruwerg ko Kersi, yankunan Akwiten, bai san Pedro ba, bai san Enrike ba, ba a tambaye shi ba ranar da aka sa hannu a Liburn. Shekara 20 ke nan annoba tana zuwa tana komawa, sojojin haya sun sha cinye masa amfanin gona. Sai ga mai karɓar haraji a ƙofar gida yana ƙirga murhu, don a biya bashin wani sarki da ke bayan duwatsu. Irin wannan haraji bai san mai shi da marar shi ba a yadda ake ƙirga shi, wuta kawai yake nema.

Amma ba talakawa ne suka juya al'amarin ba, manya ne. Jean, hakimin Armanyak, ya yi yaƙin Kastil, yana bin yarima kuɗi, ya ce ba za a karɓi harajin a ƙasarsa ba. Arnaud-Amanieu na Albret ya bi bayansa, a shekarar ma ya auri 'yar'uwar matar Sarkin Faransa. Suka ɗaukaka ƙara zuwa Paris. A bisa Bretinyi, Paris ba ta da sauran hurumi a Akwiten. Sai dai akwai wani ƙulli da aka bari a kwance: an shirya cewa Sarkin Faransa zai rubuta ya sauke ikonsa a kan yankin, Sarkin Ingila kuma ya rubuta ya janye da'awar gadon Faransa, amma ba a taɓa musayar takardun ba. Charles na Biyar, mutum mai haƙuri da son shawarar masana shari'a, ya karɓi ƙarar. A Janairu 1369 aka kawo wa yarima sammaci ya bayyana a Paris. An ruwaito ya ce zai je, amma da kwalkwali a ka da mutum 60,000 a baya. A lokacin hawan doki ma yana gagararsa. Ɗaruruwan garuruwa suka bi sahun masu ƙara. A watan Yuni Edward na Uku ya sake kiran kansa Sarkin Faransa, yaƙi ya dawo. A 1370 a kan makara aka ɗauki yarima zuwa Limoj, garin da ya sa aka yi wa mummunar ɓarna. A farkon 1371 ya koma Ingila, ya mutu a 1376, shekara guda kafin ubansa.

A can Kastil kuwa, yarima yana fita Enrike yana shigowa. A Nuwamba 1368 ya sa hannu a yarjejeniyar Toledo, ya yi wa Faransa alkawarin jiragensa. A Maris 1369 shi da du Guesclin suka ritsa Pedro, wanda yanzu barade daga Garnaɗa suke cikin masu kare shi, a Montiyel. Pedro ya shige ganuwa, ya aika wa du Guesclin tayin kuɗi da garuruwa in zai bar shi ya sulale. Aka ce ya zo. Daren 23 ga wata ya shiga tantin, sai ga Enrike. 'Yan uba biyu, 'ya'yan mutum ɗaya, suka kama kokawa a ƙasa, wani daga cikin masu kallo ya taimaka aka juya Pedro, Enrike ya soke shi.

Abin da aka ji tsoro tun farko ya zo. A Yuni 1372, a gaban La Roshel, jiragen Kastil ƙarƙashin Ambrosio Boccanegra suka tare jiragen Ingila masu kai ɗauki, suka cinna musu wuta, suka kama hakimin Pembroke da akwatunan albashin soja. Yankunan Fuwatu da Santonj suka fita daga hannun Ingila. Kafin 1375 abin da ya rage wa Ingila a kudu bai wuce gaɓar Bordo da Bayon ba. A 1377 aka ƙone Rye da wasu garuruwan gaɓar Ingila, a 1380 jiragen Kastil suka shiga kogin Thames suka ƙone Gravesend, tafiyar yini daga Landan.

Wani zai ce ai Ingila halal ta kare, ɗan aure a kan ɗan waje, kuma haka yarima ya riƙa faɗa a wasiƙunsa. To a dubi sauran wuraren da ta sa baki. A Biritani ta Faransa, daga 1341, Edward na Uku ya mara wa John de Montfort baya, mai da'awa ta wajen maza, alhali shi kansa ta wajen mahaifiyarsa yake neman gadon Faransa. Sarkin Faransa, wanda ya hau bisa hujjar mace ba ta ba da gado, shi kuma ya goyi bayan mace, Jeanne de Penthièvre. A Sikotlan an ɗora Edward Balliol da kibau a 1332 da 1333, ya biya da kudancin ƙasarsa, mutanensa suka tsane shi saboda haka, bai taɓa zama daram ba. A Fotugal kuwa, bayan mutuwar Sarki Fernando a 1383, 'yarsa ta aure Beatriz ce magajiya, amma mijinta Sarkin Kastil ne, ɗan Enrike. Sai ga 'yan bakan Ingila, 'yan ɗaruruwa, a Aljubarota ranar 14 ga Agusta 1385, suna yaƙi don Joao na Abis, wanda shi ma ɗan waje ne kamar Enrike. Tambayar da ake yi a Westminster, cibiyar mulkin Ingila, ɗaya ce ko yaushe: wa zai tsaya tare da mu a kan Faransa?

Kuma Fotugal ɗin ce kaɗai ta ɗore, don a can mutanen Lisbon da Porto da majalisar ƙasa a Koyimbira sun riga sun zaɓi Joao da kansu, sarkin yaƙinsu Nuno Alvares Pereira nasu ne, baƙi ƙari suka zama. Yarjejeniyar Windsor ta Mayu 1386 tsakanin Ingila da Fotugal har yau ba a warware ta ba. Joao ya auri Philippa, 'yar John na Gaunt, shi da 'ya'yansu ne suka ci Sabta a gaɓar Maroko a 1415, ɗayansu Henry shi ya riƙa tura jirage suna gangarowa gaɓar Afirka ta Yamma.

John na Gaunt bai haƙura da Kastil ba. Ya auri Konstansa, 'yar Pedro, ɗaya daga 'yan matan da aka bari jingina, a 1371, ya fara kiran kansa Sarkin Kastil da Leyon. Ƙanensa Edmund ya auri ƙanwarta Isabel, ya kai runduna Fotugal a 1381, ba albashi, sojojin suka koma wawure ƙauyukan waɗanda suka zo taimaka wa, a ƙarshe a jiragen Kastil aka mayar da su gida. Gaunt da kansa ya sauka a Korunya a Yuli 1386, ya karɓi Santiyago, ya jira Kastil ta taso ta yi masa mubaya'a. Ba ta taso ba. Sarki Juwan na Ɗaya ya koyi darasin da ubansa ya ƙi ji a Nahera: ya rufe garuruwa, ya kwashe abinci, ya ƙi fitowa fili. Cuta ta cinye rundunar a 1387, har wasu jaruman Ingila suka roƙi abokan gaba takardar izinin wucewa gida.

A Bayon, garin da Pedro ya sauka yana gudun hijira shekara 22 da suka wuce, aka kammala sulhu a 1388. Gaunt da Konstansa suka janye da'awarsu. 'Yarsu Catherine ta auri Enrike, jikan wancan Enriken, aka ƙirƙiro wa ma'auratan sarautar Asturiyas, wadda har yau magajin gadon Sifaniya yake riƙe da ita. Jinin Pedro da na wanda ya kashe shi suka haɗu a gida ɗaya, jikar ma'auratan ce Isabel wadda ta karɓi Garnaɗa a 1492. Kastil ta yarda ta biya faran na zinariya 600,000, da 40,000 duk shekara. Wannan karon an biya, aka kuma sa wa talakawan Kastil haraji na musamman don a tara. Kuɗin sun shiga taskar John na Gaunt ta kansa. Baƙin Yarima a lokacin ya shekara 12 a kabarinsa na Kantabari, yawancin garuruwan da aka ƙirga wa murhu a 1368 kuma suna biyan harajinsu ga Sarkin Faransa.